Asibiti Ko Kwamfuta: Shawara Ga Ƴaƴan Damargu Da Suka Samu Bak

(Kiɗan buɗe shiri, ya lafa a hankali)

Ina gaishe da mutanen Tanut ciki da kewaye, da na Gangara, da Olelewa, da Falanko, da Tenhiya, ina kuma miƙa gaisuwa har Belbeji da ƙasar Tarka baki ɗaya. Wanda ke gona ya rataye rediyonsa a reshen aduwa, sannu da aiki. Wanda ke bakin rijiya yana shayar da dabbobi, Allah ya sa albarka. Uwar gida da ke gaban murhu, ki ɗan ƙara murya don yaran su ji.

Maganar yau ta ɗalibai ce, waɗanda Allah ya ba su bak, wato shaidar kammala sakandare. Amma iyaye kada ku tashi, domin ku ne za ku buɗe rumbu ko ku kai ɗan akuya kasuwa kafin yaro ya hau mota.

Bayan fitowar sakamako, ɗiyar ƙanwata ta zo gidana da la'asar. Ta durƙusa ta gaishe ni, sai ta yi shiru tana murza bakin hijabinta. Na ce, "Ɗiyata, wannan shirun da magana a cikinsa." Ta ce, "Kawu, kaina ne ya ɗaure. Baba ya ce in nemi karatun tafiyar da asibiti, tunda makina bai kai na likitanci ba, ko ba komai a ce ina cikin asibiti. Yaya kuma ya bugo waya daga Agadas, ya ce duniya ta koma kwamfuta, wanda bai karanta anformatik ba mota ta bar shi a tasha. Ni kuwa ban san ko ɗaya ba. Wanne ya fi?"

Ban ba ta amsa a ranar ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmarta ta ƙarshe kafin tambayar: ban san ko ɗaya ba. Yarinya mai bak D a hannu, mai ƙoƙari, ana so ta zaɓi abin da za ta yi shekara talatin tana yi, alhali ba ta taɓa ganin mai yin aikin yana yi ba. Na tabbata ba ita kaɗai ba ce a Damargu. Shi ya sa na kawo maganar nan.

Mu fara da asibiti.

Abu na farko da nake so iyaye su ji da kyau: mai karatun tafiyar da harkokin kiwon lafiya ba ya allura, ba ya duba marar lafiya, ba ya karɓar haihuwa. In ka tura ɗiyarka da niyyar wata rana za a kira ta lokotoro, ka sani wata hanya ce daban ta kama. Aikinta lissafi ne, da tsari, da kula da kaya, da kula da ma'aikata. Kuma wallahi aiki ne babba. Ni sai da abu ya same ni na gane girmansa.

Wata damina, cikin watan Agusta, jikana ya kamu da zazzaɓi muna wani ƙauye. Tsakar dare jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, ya fara fizge-fizge. Muka ɗauke shi a amalanke zuwa CSI, wato cibiyar lafiya, mafi kusa. Muka buga wa majo, shugaban wurin, ƙofa, ya fito da fitilar wayarsa a baki, hannuwansa biyu na aiki. Ya huda yatsan yaron, ya ɗiga jini a kan ɗan gwajin nan, muka zuba ido har layi biyu suka fito. Zazzaɓin sauro ne, mai tsanani. Ya juya ya buɗe kabad ɗin magani, ya ɗaga kwali, ya girgiza, ya ajiye. Ya ɗaga na biyu. Har yau ina jin ƙarar kwalin nan da babu kome a ciki. Ya ce, "Baba, allurar ta ƙare tun shekaranjiya, sai dai mu tura ku gaba." Aka kira motar asibiti, aka ce tana nan, amma sai an nemi gazuwal. Allah ya yi yaron na da sauran kwana, yau ga shi can yana makaranta.

Na daɗe ina tunanin daren nan. Majo ya san aikinsa, bai yi kasala ba. Abin da ya rasa a hannunsa, wani ne can baya ya kamata ya tanada. Wani ne ya kamata ya duba rajistar bara, ya ga yara nawa suka zo a watan Agusta, ya lissafa allura nawa za a buƙata bana, ya rubuta takardar oda tun kafin ruwan farko, ya bi ta har kaya su sauka. Wani ne ya kamata ya ware kuɗin man mota ya hana a taɓa shi. To wannan wanin, shi ne mai tafiyar da asibiti.

Ku dubi yadda tsarin yake a ƙasarmu. A ƙasa akwai ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, a samansa CSI, sannan asibitin distirik. In abu ya fi ƙarfin nan, sai Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 150 daga Tanut. A kowane distirik akwai tawagar shugabanni: babban likita, da mai sa ido kan cututtuka da alƙaluma, da mai faɗakar da jama'a, da wanda ma'aikata ke kira jestiyonar. Shi wannan na ƙarshe, a hannunsa kuɗi suke, da sito, da motoci, da takardun ma'aikata. Tun da aka ɗaga Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, aikin tsari ya ƙaru a wannan yanki namu, don kowane gefe na buƙatar masu riƙe masa lissafinsa.

Kuma tsari a Damargu ya fi na birni wuya. Ɗauki allurar rigakafin yara. Yawancinta tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ba ƙasa ba sama. A ƙasar da rana ke narka takalmin roba cikin watan Afrilu, sai firigo mai aiki da hasken rana, sai akwatin ƙanƙara, sai babur mai lafiya. Sannan mutanen da za a kai wa allurar ba duka ke zaune wuri ɗaya ba. Buzaye da Fulani suna bin ciyawa da ruwa, yau suna nan, wata mai zuwa sun yi arewa. Mai tsara fita rigakafi dole ya san ranakun kasuwanni, ya san rijiyoyin da ake taruwa, ya san hakiman ruga da shugabannin ƙabilu, ya san wace hanya ce rairayi ke cinye mota. Haka maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, kowane wata daga Yuli zuwa Oktoba. In an yi kuskuren ƙidayar yaran wata unguwa, maganin zai ƙare kafin a kai gidan ƙarshe. Ɗan ƙasa da ya tashi a nan, yana jin Hausa, wataƙila da Tamajak ko Fulatanci ko Barbarci, ya riga baƙo sanin rabin aikin tun kafin ya shiga aji.

(Ɗan kiɗa)

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce zuciyar wannan aiki, kuma ita ce jarrabawarsa.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince jama'a su riƙa biyan wani abu kaɗan na magani, kuɗin ya zauna a wurin, a sake sayo magani da shi, mutanen gari su sa ido. Daga nan ne kwamitocin nan da muke kira KOJES suka samo asali. A 2006 kuma Nijar ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara 5 za a duba shi kyauta, haka awon ciki, ga tiyatar haihuwa. Alheri ne babba, uwaye sun shaida. Amma kyauta ga uwa, bashi ne a kan gwamnati. Asibiti zai yi magani, ya cika takardu, ya aika, ya jira a biya shi. Duk wanda ya yi aiki a fannin ya san jinkirin biyan nan ya sha wahalar da asibitoci. To in takardun ma ba a cika su daidai ba, ko an bar su sun yi wata uku cikin kwali, jinkiri ya hau kan jinkiri, kantin magani ya bushe. Mai riƙe da wannan aiki yana zaune ne tsakanin marar lafiya da baitulmali.

Saboda haka nake cewa ɗalibi, kafin ka ce kana so, tambayi zuciyarka. Kuɗin jama'a za su ratsa hannunka. Ɗan'uwa zai zo ya ce a ba shi kwangilar kawo kaya. Wani babba zai aiko a ba shi aron mota ranar da aka shirya fita rigakafi. Za ka iya cewa a'a cikin ladabi, ka sake cewa a'a gobe? Za ka iya zaman taro na awa huɗu da likita da magajin gari da wakilan KOJES, kowa na jan bargo gefensa, ka fito da takarda ɗaya da kowa ya sa wa hannu? Wanda Allah ya ba wannan hali, ƙasar nan na kukan rashinsa.

Amma in faɗa muku gaskiya game da ƙofar shiga, ƙunƙuntacciya ce. CSI ba ta da kujerar jestiyonar mai digiri, majo ne ke haɗa duka da taimakon mai karɓar kuɗi. Kujerun suna distirik, da manyan asibitoci, da ofishin lafiya na jaha a Damagaram, da ma'aikatar a Yamai, sai ƙungiyoyin agaji da asibitoci masu zaman kansu. Kuma da yawan waɗanda ke kan kujerun nan ba daga bak suka faɗo kansu kai tsaye ba. Wani malamin asibiti ne ko ungozoma da ya fito daga makarantar ENSP ta Damagaram ko ta Yamai, ya yi shekaru a daji, sannan ya koma ƙaro karatu a cibiyar ISP. Wani lissafin kuɗi da gudanarwa ya karanta a jami'a. Wani ta makarantar ENA ya bi, wadda ke horar da ma'aikatan mulki, kuma da jarrabawar kwankur ake shigarta. Masu neman zurfi sukan je har CESAG a Dakar, inda ake koyar da tafiyar da harkokin lafiya a matakin masta. Bayan karatu ga sarbis sibik na shekara biyu, ga jiran kwankur ɗin ɗaukar ma'aikata wanda ba kowace shekara ake buɗe shi ba. Aikin furoje kuwa yana da albashi mai kyau, amma yana da ranar ƙarewa. Mun gani a 2025, da Amurka ta yanke tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID, ayyukan lafiya da yawa a Afirka suka tsaya cak.

(Kiɗa)

Masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan ɗalibin da ya tsaya tsakanin karatun tafiyar da asibiti da karatun kwamfuta. Mun leƙa asibiti, bari mu leƙa ɗaya gefen.

Ƴaƴana, iya WhatsApp da TikTok ba shi ne anformatik ba, kamar yadda iya hawan mota bai sa mutum ya zama makanike. Haka takardar wata uku ta koyon buga rubutu da Word da Excel, tana da amfani, ina ma kowa ya yi ta, amma ba ita ake nufi ba. Ilimin kwamfuta rassa ne. Akwai masu haɗa rezo, su ne ke sa waya ta yi magana da waya, ofis ya yi magana da ofis. Akwai masu rubuta manhaja, wato umarnin da na'ura ke bi. Akwai masu gyara da kula da na'urori. Akwai masu tattara alƙaluma su tace su har su yi ma'ana. Akwai masu tsaro, da ke hana ɓarayin zamani shiga asusun mutane.

Wuraren koyo suna nan a ƙasa. Jami'ar Doso, da aka kafa a 2014, an ba ta fannin fasahar zamani da sadarwa. A Yamai akwai Jami'ar Abdu Mumuni, akwai reshen IAI, cibiyar da ƙasashen Afirka suka kafa a 1971 mai hedkwata a Libarbil ta Gabon, akwai makarantar sadarwa ta EST, akwai EMIG mai horar da injiniyoyi, ban da makarantu masu zaman kansu. Kusa da mu kuma ga Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ku je da ƙafarku ku karanta jerin sassan da aka buɗe a bana, don yana canzawa. Wani karatun shekara biyu ne, DUT ko BTS, wani lisans ne na shekara uku, sannan masta shekara biyu a kai.

Wannan fanni yana son abu uku da ba a cika gaya wa yara ba. Yana son lissafi, ko aƙalla kan da ke jin daɗin warware ƙulli. Mai bak C ko D ya fi samun sauƙi, mai bak A sai ya ɗaura ɗamara sosai. Yana son Turancin Ingilishi, don yawancin littattafai da bayanan da ke kan intanet da shi aka rubuta su, mu kuwa da Faransanci muka yi lakwal. Sannan yana son na'ura a hannu. Ɗalibin anformatik da ba shi da kwamfutar kansa, kamar ɗan koyon ɗinki ne da ba ya taɓa keke sai ranar jarrabawa. Iyaye ku sa wannan cikin lissafi tun yanzu: ko ta gwanjo ce, sai an sayar da dabba, ga kuɗin intanet kowane wata, ga haya da abinci a garin da ke nesa. Daga Tanut zuwa Yamai ya haura kilomita 1000, ba wurin da za a aika wa yaro da tiyar gero kowane mako ba ne.

Akwai kuma hali. Na taɓa tsayawa a rumfar wani saurayi mai gyaran waya ranar kasuwa. Faifan hasken rana a kan rufin zana, batir a ƙasa, wayoyi sun fi ashirin suna shan caji. Ya buɗe wata waya da ta faɗa ruwa, ya sa tabarau, ya riƙe ɗan ƙarfe mai zafi kamar tsinken sakace. Ya gwada, ba ta tashi ba. Ya sake kwancewa. Sau huɗu ina ƙirgawa. Hayaniyar kasuwa, kukan raƙuma, mai wayar na tsaye a kansa yana ƙorafi, shi ko ɗaga kai bai yi ba. Da allon ya kawo haske, murmushin da ya yi ba na kuɗin ba ne. Wanda ke da irin wannan haƙuri da na'ura, shi ne ɗan anformatik, ko ya je jami'a ko bai je ba. In kuwa minti goma a gaban abin da ya ƙi aiki na sa ranka ya ɓaci, ka yi tunani tun da wuri.

Ina aikin yake? Kamfanonin waya, Airtel da Moov Africa da Zamani da Niger Telecom. Bankuna. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, waɗanda duk wanda ke da ɗa a Libiya ko Aljeriya ya san ƙofarsu. Ofisoshin magajin gari masu rajistar haihuwa. Hukumar da gwamnati ta kafa don yaɗa fasahar zamani. Ga matatar SORAZ nan a ƙasarmu, wajen Bakin Birji, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kuma masana'anta irin wannan da na'urori ake sarrafa ta. Babbar falalar wannan ilimi ita ce yana bin mai shi duk inda ya je, kuma mutum na iya buɗe nasa ba tare da jiran kwankur ba. Matsalarsa kuma, manyan ayyukan suna birni. Nan gida kuran na ɗaukewa, rezo na zuwa yana tafiya. Sannan ilimi ne mai saurin tsufa: abin da ka koya bana, bayan shekara biyar sai ka sake koyo. Ba a nan takarda ke ciyar da mutum ba, za a ajiye maka na'ura ne a ce nuna mana.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne, don a nan ne hanyoyin biyu suka haɗu, kuma a nan Damargu suka haɗu.

Ƙarshen wata, je ka CSI da yamma bayan marasa lafiya sun watse. Za ka tarar da majo da tarin rajista a gabansa: ta masu zazzaɓi, ta awon ciki, ta rigakafi, ta yara masu tamowa da aka auna damtsensu da ɗan madaurin nan mai kore da rawaya da ja. Yana bin layi da yatsa yana ƙirgawa. Waɗannan alƙaluma ba a aljihun tebur suke kwana ba. Ana shigar da su cikin wata manhaja mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa, kyauta ce, kuma ƙasashe fiye da 70 na aiki da ita, har da Nijar. Daga CSI zuwa distirik, zuwa Damagaram, zuwa Yamai. Na ga ma'aikacin da ya hau tudun rairayi da magariba yana ɗaga waya sama, yana neman sanda ɗaya ta rezo don rahoto ya wuce.

Me ya sa ake wannan wahala? Ku ɗauki sanƙarau, da muka sani da zafin bazara. Ana ƙirga masu kamuwa kowane mako. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, in aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako ɗaya, an shiga matakin faɗakarwa. In suka kai 10, annoba ce, sai a tashi neman allura. To in rahoton ƙauyuka uku ya makale saboda kwamfuta ta lalace, ko an rubuta 1 a inda ya kamata a rubuta 11, mako guda ya tafi. Mako guda a sanƙarau kuwa, kaburbura ne.

Don haka asibitin yau na buƙatar mai kwamfutar da ya san mene ne CSI, yana kuma buƙatar jestiyonar da ba ya tsoron na'ura. Kuma dukansu biyu amana ɗaya ke wuyansu: sirrin marar lafiya. Abin da ka gani a rajista ko a allo, ba na hira a majalisar shayi ba ne.

Za ku ce, to kai mai magana, ina ka karkata? Ba zan ɓoye ba. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda, amma ana iya cin ɗaya a bi da ɗaya, kuma wadda aka fara da ita tana da muhimmanci. A ganina, yaron da ke da kan lissafi, yana da haƙuri da na'ura, kuma gidansu za su iya ɗaukar nauyin, ya fara da kwamfuta. In zuciyarsa na asibiti, ya nemi yin istaj ɗinsa a ofishin lafiya, ya koyi harshen mutanen wurin, daga baya ya ɗora masta ta fannin lafiyar jama'a. Dalilina shi ne, wuyar anformatik a farko take, tana son ƙuruciya da lokaci, kuma mai ita yana da ƙofa fiye da ɗaya. Sanin tafiyar da asibiti kuwa yana ƙara kyau ne in an ɗora shi a kan wani tushe da ɗan gogewa. Shi kuma wanda ya san ransa na wajen mutane da tsari, ba wajen na'ura ba, kada ya bi yayi. Ya kama tushe mai ƙarfi, ko aikin jinya, ko lissafin kuɗi da gudanarwa, ya riƙe Excel da kyau, ya nufi kujerar da saninsa. Ra'ayina ke nan, kuma na san akwai ma'aikatan lafiya da ke saurare waɗanda za su ga abin daban. Ƙofar wannan shiri a buɗe take gare su.

Ita ɗiyar tawa, abin da na yi shi ne na nema mata izini ta yi kwana uku tana zama a ofishin masu lissafin wani asibiti, ta yi kwana uku kuma wajen wani mai haɗa rezo da gyaran kwamfuta. Gani ya kori ji. Ta dawo da ɗan littafinta cike da rubutu. Ta ce, "Kawu, a asibiti abin da ya fi ba ni tausayi, wata mata ce ke kwafe lambobi daga rajista zuwa takarda, daga takarda zuwa kwamfuta, aiki ɗaya sau uku. Na ce a raina dole akwai hanyar da za a yi shi sau ɗaya." Na ce, "To wannan tunanin, ya hana ki barci?" Ta yi dariya ta ce, "Har na zana yadda za a yi." Na ce ta je ta nuna wa babanta zanen, ta yi masa bayani da bakinta, cikin ladabi. Sun zauna, sun yi magana har dare.

Iyaye, roƙona gare ku, musamman a kan ƴaƴa mata. Kada a ce kwamfuta ta maza ce, ko a ce mace ba za ta iya riƙe kuɗin asibiti ba. Matan Damargu da ke riƙe da asusun adashe shekara da shekaru ba a ɓatar da dala ba, su ne suka haife su. In nisan gari ne ke damunku, wannan damuwa ce ta gaskiya, a zauna a nemi gidan ɗan'uwa ko amintaccen masauki tun kafin a cika takarda. Kuma duk makarantar kuɗi da za ku kai yaro, ku tambaya a nuna muku shaidar cewa gwamnati ta amince da ita da kuma takardar da take bayarwa. Ku tambayi ko CAMES, hukumar da ke tantance digirori a ƙasashenmu, ta san da wannan digiri. Ku nemi tsohon ɗalibinta guda ɗaya ku ji inda yake aiki yau. Kyan allon da aka kafa a bakin titi ba ya cikin abin da za a duba.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna kan takardun neman bursu a hukumar ANAB da na rajistar jami'a. Kafin nan, ɗalibai ku fara tattara takardar haihuwa, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da takardar makin bak, ku yi kwafinsu ku kai a buga musu hatimi, ku ɗauki hotuna. Wanda sunansa ko ranar haihuwarsa ta bambanta tsakanin takarda da takarda, ya nufi kotu a gyara tun yanzu, kada ya bari sai ranar rufe karɓa. Mai tambaya ya aiko da ita nan gidan rediyo, ko a rubuce ko ta bakin wani, za mu karanta.

A gaishe da majo-majo da ungozomomi da ke kwana a bakin aiki a daren nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba yaranmu sa'a.

(Kiɗan rufe shiri)